Gayauna a Cikin Albashi

Damina ce, irin wannan da muke ciki yanzu, amma damina ce da ba mu yi shuka ba. Na ga shekarun fari, na ga shekarar da fara ta sauka, duk ba su zauna mini a rai kamar waccan ba. A shekarar fari sama ce take hanawa, mutum ya ɗaga kai ya yi addu'a. A waccan shekara kuwa sama ba ta hana komai ba. Ruwa ya sauka a kan lokacinsa, ƙasa ta yi ƙamshi, kwaɗi suka cika gari da kuka, mu kuma muna zaune a gida, sungumi na jingine a bayan rumbu yana tsatsa.

Jikata Nafisa ce ta tono mini ita. Ta gama kwalejin kiwon lafiya, ta samu aiki a wani asibiti a Mafara, an fara biyanta albashi tun bara. Juma'ar da ta wuce ta zo gaishe ni ana yayyafi. Na zuba mata tuwo da miyar kuka, ta cinye, ta sa yatsa ta siɗe kwanon, sannan ta saci kallon tukunya. Na san wannan ci. Na taɓa ganin sa a wurin ubanta, shekaru masu yawa da suka wuce, lokacin aikin dam ɗin Bakolori.

Ƙauyenmu yana tsakanin Mafara da Bakura, a ƙasan dam. Mu ruwa bai ci gidajenmu ba kamar na mutanen wajen Maradun, gonakinmu aka karɓa. Aka ce za a baje su a yi hanyoyin ruwa, idan an gama a mayar wa kowa tasa, ya riƙa noma rani da damina. Katafila ta shigo ta kwashe kunya da iyaka, ta tumɓuke kuka da ɗorawa da tsamiyar da muke hutawa a ƙarƙashinta. Ɗan abin da aka ba mu na itatuwa bai daɗe ba ya tafi a awo. Damina ɗaya ta wuce, ta biyu ta shigo, ba a gama ba.

Ba yunwar ce kaɗai ba, komai na gida ya rikice. Babu kara, don haka danga ta ruɓe ba a sake ta ba. Babu kalwa, sai daddawa ta zama abin saye. Ni da na tashi ina ɗibar kuka a bayan gida, sai ga ni ina sayen ta a kasuwa a ɗan cokali. Da safe in dama kunu tsararo, da rana in fita gefen hanya in tsinko tafasa in yi kwaɗo, da yamma in tuƙa tuwo in raba da ido. Irin dawarmu ma, da ba don yayana Garba ba, da ya mutu a rataye. Shi yana Damaga, yana noma yana kiwo, wajensu aikin bai kai ba. Na aika masa da zangarniyoyin, yana shuka mana kunya biyu a gefen gonarsa kowace shekara don kada irin ya ɓata.

Wanda abin ya fi ci shi ne Maigida. Mutum ne da bai iya zama ba. Idan hadari ya haɗo sai ya fito tsakar gida ya tsaya yana kallon gabas, kamar mai shirin fita, sannan ya tuna, ya koma zaure. Matasa sun shiga lebura a kamfanin da ke aikin dam, suna dawowa da rediyo da agogo, shi kuwa ya ce shekarunsa sun wuce a kira sunansa a layi. Kowa ya san gonar za ta dawo wata rana, kowa kuma ya san wanda ta dawo wa hannunsa babu komai ba zai iya riƙe ta ba. Tun a lokacin dillalan masu kuɗin birni sun fara zagayawa.

A cikin wannan daminar ɗana na fari ya gama kwalejin horon malamai. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ko a takarda hannuna ba ya iya rubuta shi, duk da ajin yaƙi da jahilcin da na yi daga baya. Kakarsa ta sa masa Ɗanjuma, da shi zan kira shi a nan. Aka tura shi koyarwa a makarantar firamare a Ruwan Gizo, ya kama ɗaki a can, yana zuwa gida ranar Juma'a. Albashinsa na farko ya fito daidai lokacin da a da muke yankan gero.

Al'adarmu ce, albashin fari ba na mai shi ba ne, na neman albarka ne. Ɗanjuma ya zo da ambulan ɗin ko buɗe shi bai yi ba, ya durƙusa ya ajiye a gaban ubansa. Maigida ya juya shi, ya sake juyawa, sannan ya aika aka sayo goro. Aka kai wa liman, aka kai wa Gwaggo Hassi, yayar Maigida da mijinta ya rasu, aka kai wa malamin allon da ya koya wa yaron karatu. Ni aka ba ni kallabi, na karɓa ina kallon ƙasa. Ranar gidanmu ya cika da masu sa albarka, na ga Maigida ya sa babbar riga ba ranar salla ba. Na yi kuka a ɗakin girki, na ce hayaƙi ne.

Da a nan abin ya tsaya, da babu labari.

A wurinmu manomi ba ya biyan wanzami duk ranar da ya yi masa aski. Sai kaka ta yi, ya kai masa dami. Haka maƙeri, haka mai kiɗan noma, haka gwauraye da tsofaffin dangi, kowa da daminsa. Kaka biyu Maigida bai fitar da ko zangarniya ba, kuma wannan ya fi yunwa yi masa ciwo. Idan ya hango Ɗan'ige wanzami sai ya canza hanya. To da wata na biyu ya ƙare, ambulan ya sake zuwa, sai na ji shi a zaure yana cewa:

«Ku kira min Ɗan'ige. Ku ce shi zo da buhu.»

Ɗan'ige ya zo yana washe baki. «Maigida, ashe bana an yi kaka gidanka ba mu ji ba? Ina gonar take in kai gudummawa?»

«Gonar tana Ruwan Gizo, da alli aka nome ta.»

Suka yi dariya har da tafawa. Bayan ya tafi Maigida ya shigo cikin gida, fuskarsa kamar an wanke, ya ce mini: «Kin gani? Allah ya ɗauke muna kaka guda, ya ba mu goma sha biyu.»

Na ce, «Alhamdulillahi.» Har zuciyata na faɗa. Mu ba mu taɓa zama da mai albashi ba. Abin da muka sani shi ne, idan arziki ya shigo gida gaba ɗaya, kaka ce, kuma kaka rabawa ake yi. Ba wanda ya tsaya ya lura cewa kakar gona tana cika rumbu, wannan kuwa ko buhu biyu ba ta cikawa.

Haka kowane ƙarshen wata ya zama kaka. Maƙeri ya zo, ko da yake ba wanda ya kai masa fartanya gyara. Gwaggo Hassi ta koyi ranar biya fiye da mai albashin, tun da hantsi za ta iso da ƙwaryarta ta ce ta zo duba jikina, ni kuwa lafiyata lau. Wani ɗan'uwan Maigida daga Bakura, wanda rabonmu da shi tun auren ƙanwata, ya tuna da zumunci. Abin da ya rage a yi awo, a cire wa Ɗanjuma ɗan na mota. Ya ajiye ambulan, a sa masa albarka, ya tashi.

Uwa ba ta kallon ɗan fari a ido, amma tana ganin wuyan rigarsa. Na ga rigar ta fara yi masa yawa. Na ga takalminsa ɗaya ne, an ɗinke shi an sake ɗinkewa. Na ji a bakin wata mai kai nono Ruwan Gizo cewa malamin nan namu gari da ƙuli yake jiƙawa, wani lokaci iyayen yara ne ke aika masa da fura. Kuma wata Juma'a ya ci tuwo a gabana, ya siɗe kwano, ya saci kallon tukunya.

A makon ne dillali ya fara zama a zaurenmu. Wani dogo ne mai tattausar murya, yana yi wa wani Alhaji na Gusau cinikin gonaki tun ba a mayar da su ba. Maƙwabcinmu Mamman ya riga ya sayar, ya sayi babur, yana wucewa yana yi wa kaji hon. Ina jin su ta bayan danga. Gaisuwa kaɗai sai ta ci rabin hantsi, ina gajiya, ina iyali, ina ƙura, ina labarin ruwa. Daga nan ya ce:

«Maigida, gonar da za a maido ba irin wadda ka sani ba ce. Sai tarakta, sai taki, sai kuɗin ruwa. Talaka ba shi iya mata. Gara ka karɓi naka tun tana da daraja.»

Maigida bai ce to ba. Amma bai naɗe tabarma ba, kuma da mutumin zai tafi ya raka shi har bakin hanya.

Na yi kwanaki ina juya abin. Ba a san ni da magana ba, balle da ɗan fari. Da Juma'a ta zagayo, Ɗanjuma ya shigo gaishe ni, ya tsuguna a ƙofar ɗakin girki kamar kullum. Na ba shi baya ina tankaɗe, na yi magana kamar da rariya nake.

«Yaron da ke gandun ubansa, ai ana yanka mai gayauna.»

Ya ce, «Inna, da ni kike?»

«Ni da rariya nike.»

Wanda bai tashi a gidan noma ba, gandu ita ce babbar gonar gida, 'ya'ya maza su yi aiki a cikinta, amfanin ya shiga rumbun uba a ci gaba ɗaya. Gayauna kuwa ɗan yanki ne da uba ke ware wa ɗansa, ya nome shi da yamma ko ranar hutu, abin da ya samu nasa ne, uba ba ya taɓawa. Da ita saurayi ke yin riga, da ita yake tara abin aure. Ba a taɓa yin gandu babu gayauna ba, sai a albashin Ɗanjuma.

Na ci gaba da tankaɗe na ce, «Kuɗi in sun kwana gidan ga, suna da masu su. Amma tunkiya da ke Damaga ba mai zuwa da ƙwarya shi ɗebe ta. Kawunka na zuwa kasuwa duk Talata. Kafin ka iso gida ka cire wani abu, ka sai 'yar tunkiya ka ba shi shi wuce da ita. Ba sai kowa ya sani ba.»

Na ji ya gyara tsugunno.

«Inna, maganarki gaskiya ce, kuma zan yi. Amma ba a ɓoye ba. Ran da Baba ya ji a bakin wani, ya zan dube shi? Zan roƙe shi da bakina.»

Na ajiye rariyar. Ni dabarar mata na kawo, wadda muka saba, a rufe a lallaɓa. Shi kuma ya zaɓi hanyar da ta fi wuya. Na ce, «Zai yi fushi.» Ya ce, «Na sani.»

Bayan la'asar ya sami ubansa a zaure. Na ɗauki tsintsiya na je ina sharar wurin da na riga na share.

«Baba, ina da tambaya, in ka yarda.»

«Malamin makaranta da tambaya? To Allah shi sa na sani.»

«Lokacin da kake gandun Kaka, an yanka maka gayauna?»

«An yanka mani mana. Can gindin tsamiya, wurin da katafila ta fara ci. Gyaɗa nika sawa.» Muryarsa ta saki, don yana son labarin nan. «Da ita na sai jakina na fari. Da ita na kai gaisuwar uwarka, har anka ce yaron ga da hankali shike.»

«Kaka ya taɓa ɗiba a ciki?»

«Subhanalla! Wa ke taɓa gayaunar yaro?»

Na tsaya da shara. Maigida ba wawa ba ne, ya riga ya ga inda aka nufa.

«Wato cinye ka nike yi.»

«A'a, Baba. Gandu naka ne, kuma ina ciki har ran da ka sallame ni. Gayauna nike roƙo.»

«Wa ya aiko ka?»

«Ba kowa.»

«Tashi ka ba ni wuri.»

Ranar Maigida bai ci tuwo ba. Ya dube ni sau ɗaya, kallo mai tsawo, na san ya gane rariyar da ta yi magana, amma har ya koma ga Allah bai taɓa tayar da zancen ba. Ya yi kwanaki ba ya fira. Dillali ya zo sau biyu a tsakanin, na ce a raina mun tura Maigida wurinsa da hannunmu.

Da wata ya ƙare Ɗanjuma ya kawo ambulan kamar kullum, a rufe. Gwaggo Hassi tana ɗakina da ƙwaryarta. Maigida ya buɗe, ya baje kuɗin a kan buzu, bai ƙirga ba. Ya sa gefen hannu ya ja layi a tsakaninsu kamar mai yanka iyaka, ya tura kashi ɗaya gaban yaron.

«Ga gayaunarka. Ka ci abinci a ciki, ka biya ɗaki, ka sai takalmi, don na gaji da jin kunyar wanga takalmi. Abin da ya rage kar in gan shi cikin gidan ga.»

Sannan ya ɗaga murya don na ciki su ji: «Kaka sau guda take a shekara. Wanda ke da dami wurina shi jira ta.»

Ba zan ce an ji daɗi ba. Gwaggo Hassi ta tafi ba sallama, ta yi wata biyu ba ta duba jikina ba. A gari aka ce boko ya ɓata yaron, ya koya masa rowar Turawa. Ɗan'ige ya ce wa Maigida a gaban mutane, «Tunda kaka ta koma guda, aska ma ta koma guda, kuma ba ta da kaifi.» Maigida ya ce, «Yi da ita hakanan, kan ya saba.» Mu ma a gida tuwon ya ƙara ƙanƙancewa. Abin da aka ci gaba da yi shi ne tuwon Gwaggo, wannan kullum sai na aika, ko da fushinta.

Ɗanjuma kuwa ya kama hanya ɗaya bai sake ta ba. Ranar da aka biya shi, Talatar da ta biyo baya yana kasuwar dabbobi. Ba ya jiran ya ga abin da zai rage a ƙarshen wata, don ya ce ya gwada, ba abin da ke ragewa. Wani watan tunkiya, wani watan kuɗin ba su kai ba sai ya bar su a hannun kawunsa a haɗa da na gaba. Masu kanti a Mafara suna ba malamai rediyo da katifa a biya a hankali, abokansa duk sun ɗauka, shi ya ce sai ya ga ƙarshen maganar gona. Keke ma sai daga baya ya saya, tsoho, mai ƙara kamar injin niƙa. Yaya Garba ya haɗa tumakin da nasa, bisa sharaɗin da aka saba na kiwo, yana aiko mini da saƙo a bakin 'yan kasuwa: ta haihu, tagwaye ne, ɗaya ya mutu, sauran lafiya.

Aka ce za a mayar da gonaki kafin ruwa, ruwa ya sauka ba a mayar ba. Damina ta uku ke nan. Azumi ya faɗo a cikinta, ga zafi mai ɗanko, ga sauro, ga hatsi ya yi tsada. Mukan sha ruwa da kunun tsamiya da ɗan kwaɗon rama, sahur kuwa abin da ya kwana. A shekarun ne aka yi tashin hankali a kan maganar diyya, aka rasa mutanen da muka sani. Wannan ba zan iya rubuta shi ba. Wata rana a cikin azumin na ga Maigida ya buɗe baki zai yi wa Ɗanjuma magana, na san tumakin ne a ransa, sai ya rufe, ya ce, «Ya makaranta?» Ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba.

Da bazara aka kira mu karɓar gona. Na bi su daga baya da ruwan sha. Fili ne fetal har iyakar gani, ba itace ko ɗaya, rana na dukan sa yana walƙiya. Wani ma'aikaci ya nuna fegi mai lamba ya ce nan ne. Maigida ya juya gabas, ya juya yamma, yana neman abin da zai gane, babu. Ya tsuguna ya ɗebi ƙasar. Baƙar ƙasar da ubansa da kakansa suka yi shekaru suna zuba wa taki an kankare ta, sai ja mai tauri kamar fasasshen tulu. Ya murza, ta ƙi murzuwa.

Dillali yana tsaye a gefensa, ban san lokacin da ya iso ba. «Ka gani da idonka, Maigida. Ko ƙaya ba ta fitowa nan sai an kashe mata kuɗi. Alhaji na zuwa Laraba.»

A hanyar komawa Maigida ya ce mini, ba tare da ya juyo ba, «Gaskiya mutumin ga ya faɗa.» Na ce, «Allah na nan.» Ɗanjuma bai zo ba ranar, kuma ban san abin da yake shiryawa ba.

Ranar Laraba da hantsi dillali ya iso, ya ce Alhaji na gona yana jira a mota. Maigida ya sa hula suka fita. Ni ma na yafa gyale na bi su, abin da ban taɓa yi ba. Muna hawa kan hanyar ruwa sai na ji wari, warin garke, wanda rabona da shi a gona shekara uku. Jakuna ne a jere, kowanne da mangala cike da taki, yaran Damaga na kora su, suna juyewa tsibi tsibi a kan jar ƙasar. Yaya Garba na tsaye da damin irin dawarmu a kafaɗa. Ɗanjuma ya naɗe ƙafar wando, yana nuna inda za a zuba. Ashe jiya Talata ya sayar da ragunan da suka girma, ya biya kuɗin tarakta, ya bar matan a garke. Takin kuwa na tumakinsa ne da na kawunsa da na Fulanin da ke maƙwabtaka da su, tun sanyi yake roƙo ana tara masa.

Maigida ya tsaya cik. Sannan ya ce da ƙarfi, «Kai! Mi na ce maka? Ba a taɓa gayaunar yaro!»

Ɗanjuma ya zo ya tsuguna a cikin takin. «Baba, gayaunar tawa ce?»

«Taka ce.»

«To mai gayauna ai shina da ikon kai ta inda ya ga dama.»

Yaya Garba ya fashe da dariya. «Suruki, ka sa yaro makaranta, yau ga shi ya kada kai a shari'a. Karɓi irinka, kafaɗata ta gaji.»

Maigida ya karɓi damin, ya riƙe shi a ƙirji kamar jariri. Ya daɗe yana kallon zangarniyar. Dillali ya matso yana ɗage riga don kada ta taɓa taki, ya ce, «Maigida, Alhaji fa na jira.»

«Ka gaishe shi da kyau. Ka ce mun gode da tafiya. Ka ce shi yi hankali da motarshi, jakuna na tafe.»

Ba a yi abin kirki a shekarar farko ba, dawar ta fito gajera, rabi ta ƙone. Amma da kaka Maigida ya ɗauki dami da kansa ya kai wa Ɗan'ige, ya kai wa maƙeri, ya kai wa Gwaggo Hassi biyu. Shekara ta biyu ta fi, ta uku muka koyi shinkafa. Gonar tana nan har yau, daga cikinta aka yi tuwon da Nafisa ta ci. Mamman, Allah ya jiƙansa, ya ƙare yana aikin ƙodago a gonar da ta kasance tasa, kuma duk ranar da ya wuce ta wajenmu sai ya tsaya ya yaba shuka.

Yanzu komai ya sake. Damaga ba wurin ajiye dabba ba ne saboda ɓarayin daji, 'ya'yan Yaya Garba ma sun dawo Mafara da abin da ya rage musu. Albashi ba ya zuwa a ambulan, cikin waya yake shigowa, kuma ban san yadda ake yi ba, yana shigowa kowa ya ji. Muna zaune da Nafisa wayarta ta yi ƙara sau uku. Na farko ƙanenta ne, kuɗin jarrabawa. Na biyu matar kawunta, biki. Na uku ubanta ne, Ɗanjuma, wanda ya yi ritaya yana hedimasta, fansho kuma sai an ga dama. Na ji tana cewa, «To Baba. In sha Allahu Baba. Shi ma a ba shi? To.»

Na ce, «Ƙawata, ke da ke ba mutane maganin ƙarin jini, naki ina ya tafi?»

Ta yi dariya. «Tsohuwa, ke dai ƙaro tuwon in akwai.»

Na ƙara mata. Na ce ni ban san inda 'yan yanzu ke ɗaure tunkiya ba. Ta ce akwai asusun da ake kullewa a banki sai lokacin da ka sa ya cika, akwai adashi a wurin aikinsu, duk ta sani, an ma koya musu. Sai ta ajiye cokalin miya ta ce, «Ba wurin ajiya na rasa ba. Bakin da zan gaya wa Baba na rasa. Ya sha wahala a kanmu.»

Na san ya sha wahala, na kuma san ba mugunta ba ce, kamar yadda ta ubansa ba mugunta ba ce. Mutum ne da ya saba bayarwa, hannunsa ya bushe, sai ga wata kaka ta shigo gida.

Washegari da safe, bayan ruwa ya ɗauke, na ɗauki sandata na taka a hankali har gidan Ɗanjuma. Na same shi a zaure a kan buzu, gemu fari fat, yana sauraron rediyo. Ya yi zumbur zai tashi, yana cewa Inna lafiya, da kin aiko. Na zauna a bakin ƙofa na ba shi baya, na dubi bango, na ce:

«Yarinyar da ke gandun ubanta, ban ji an yanka mata gayauna ba.»

Ya kashe rediyon.